Fitilar cek-injin mai kunnuwa ta mutu da kanta: yadda na bi sawunta har aka gano laifin

Motar 'yar Kwatano ce, ƙirar Japan ta shekarar 2006 wadda aka yi wa kasuwar Amurka. Injinta silinda huɗu ne, lita 1.8, kuma ta ci tafiya fiye da mil 170,000. A farkon watan Disamba, da sanyin hunturu ya fara sauka a Kano, ina cikin cunkoso da safe sai fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kunnu a dashbod. Sautin inji bai canza ba, ƙarfi bai ragu ba, allurar zafi tana inda ta saba tsayawa. Bayan kwana uku fitilar ta mutu da kanta, bayan kwana biyar kuma ta dawo. Daga ranar zuwa ƙarshen Janairu gareji huɗu na shiga, kuma fiye da rabin kuɗin da na kashe bai kamata su fita daga aljihuna ba. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

Abin da na fara dubawa shi ne yadda fitilar take ci. Idan ta tsaya cak ba ta ƙyaftawa, kuma jar fitilar baƙin mai da ta batir ba su kunnu ba, zafi bai tashi ba, kana iya ci gaba da tafiya a hankali har ka sami mai dubawa. Idan kuwa ƙyaftawa take yi, to silinda ce take fashin ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana dafa matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. A nan sai ka ɗaga ƙafa daga totur, ka nemi gefe ka tsaya. Tawa a tsaye take, don haka na koma kan abu mafi sauƙi, wato murfin tanki. Motocin da aka yi wa Amurka suna gwada ko tururin fetur yana zurarewa daga tanki, kuma murfin da ba a ɗaure ba ko wanda robarsa ta tsage ya isa ya kunna fitila. Gwajin ma ba kullum motar take yin sa ba, sai mai yana tsaka-tsaki a tanki, shi ya sa irin wannan laifin yake zuwa yana tafiya. Na duba robar, lafiyarta ƙalau, na murɗa murfin har ya yi ƙara. Fitilar ba ta fasa dawowa ba.

Garejin farko na bakaniken unguwarmu ne, wanda yake yi min juyen baƙin mai da gyaran birki. Ya saurari inji, ya taka totur sau biyu, ya ce, "Alhaji, injin nan garas yake, waya ce kawai ta taɓu." Ya sa yaronsa ya cire kan batir na minti biyar, aka mayar, fitila ta ɗauke. Bai karɓi ko sisi ba, na dai ba yaron naira 1,000. Na tafi da farin ciki, alhali asara aka yi min ba tare da shi ko ni mun yi nufi ba. Cire kan batir yana goge lambar laifin da ƙwaƙwalwar mota, wato biren-bos, ta ajiye, yana goge bayanin halin da inji yake ciki a daidai lokacin da laifin ya faru, yana kuma goge gyaran awon mai da motar ta koya a tsawon makonni. Kamar mutum ne ya kai ƙara, aka yaga takardar shaida kafin alƙali ya zauna.

Ya kamata a fahimci ƙa'idar da fitilar nan take bi, domin ruwa ba ya tsami banza. Duk motar fetur da aka sayar a Amurka daga 1996, da ta Turai daga 2001, tana bin tsarin binciken kai da ake kira OBD2, kuma tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A yawancin laifuffuka, idan ƙwaƙwalwar ta ga matsala karo na farko ba ta kunna fitila, ajiye lambar take yi a matsayin mai jiran tabbaci. Sai ta sake ganin ta a wata tafiyar sannan ta kunna. Idan kuma aka yi tafiya uku a jere gwajin yana fitowa lafiya, sai ta kashe fitilar da kanta, amma lambar tana nan a ajiye har sai inji ya yi zafi daga sanyi sau 40 ba tare da laifin ya dawo ba. Ga matsalar awon mai da ta fashin silinda, tafiye-tafiyen nan uku sai sun yi kama da halin da aka kama laifin a ciki, ta fuskar juyin inji da nauyi da zafi. Saboda haka fitila mai zuwa ta tafi tana nuna laifin da yake bakin iyaka, wanda wani yanayi yake tura shi ya tsallake, wani yanayin ya dawo da shi. Ko ta mutu, a je a karanta, lambar tana ciki.

Bayan kwana huɗu ta dawo, sai na nufi gareji na biyu, wurin mai sa wa mota kwamfuta. Na isa ƙarfe goma na safe na tarar da motoci shida a gabana, ban samu shiga ba sai bayan azahar. Kuɗin dubawa naira 5,000. Aikin bai wuce minti uku ba: ya jona na'ura, lamba ɗaya ta fito, P0171, ya ce sensar oksijin ce ta mutu, kafin in buɗe baki ya danna gogewa. Ba takarda, ba hoto, kuma bai buɗe shafin da yake nuna halin inji lokacin da laifin ya faru ba. Aka aiki yaro ya kawo sensa 'yar Beljiyam a kan naira 28,000, ɗaurawa naira 3,000. A nan ne aka bar jaki ana dukan taiki. Lambar P0171 ba ta ce sensa ta lalace ba. Abin da take faɗa shi ne iska ta fi mai yawa a cikin abin da inji yake ƙonawa. Injin fetur yana son kusan awo 14.7 na iska a kan awo 1 na mai. Sensar oksijin, wadda ke jikin salansa, ita ce mai leƙen hayaƙi ta kai rahoto, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara mai ko ta rage. Idan ta yi ta ƙarawa har ta kai iyakar da aka yarje mata amma lissafi bai daidaita ba, sai ta ajiye wannan lamba. Sensar da ta kai rahoton gaskiya ita aka cire. Allah Ya sa na karɓi tsohuwar na jefa a but.

Kwana shida aka yi fitilar ta sake kunnuwa, ita ma da safe. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba, sai don ina da tafiya Zariya da iyali, kuma ba na son ɗaukar yara a motar da ban san abin da ke damunta ba. Na ɗage tafiyar na je gareji na uku, wurin rewaya. Maganar farko da ya yi ita ce in ina so zai cire ƙwan fitilar ko ya liƙe ta da baƙin salatif, mutane da yawa haka suke yi. Na ce masa a'a, Oga, ranar da babban laifi ya zo wa zai gaya min? Daga nan ya yi aiki mai kyau, kuma abin da ya duba ya cancanci a duba shi a kowace mota mai irin wannan hali. Ya sa mita a batir inji a kashe, volt 12.5. Inji yana aiki, fitilu da iyakwandishan a kunne, volt 14.1, wato caji lafiya, domin abin da ake nema tsakanin 13.5 da 14.5 ne. Ya kwance kawunan batir ya kankare farin gishirin da ya taru, ya ɗaure wayar as da ke tsakanin inji da bodi, ya bi soket-soket yana girgiza su inji yana silo ko sauti zai canza. Kan batir mai motsi ko wayar as mai tsatsa suna sa wuta ta riƙa yankewa na ƙiftawar ido a kan gargada, ƙwaƙwalwa ta yi ta ajiye lambobi barkatai waɗanda ba su da alaƙa da juna.

Sai ya cire sensar awon iska, wadda take bayan akwatin matatar iska. A cikinta akwai siririyar waya mai zafi, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka ake lissafa yawan iskar da ta shiga. Ƙurar hunturu ta yi mata riga. Waya mai datti tana faɗin iska ƙasa da abin da ya shiga, sai a ba da mai kaɗan, lambar P0171 ta fito. Ya fesa mata maganin wankinta na musamman, gwangwani naira 6,500, bai taɓa wayar da hannu ko tsumma ba, ya bar ta ta bushe minti goma. Kada a yarda a wanke ta da fetur ko a hura mata iskar famfon taya, tsinkewa take yi. Matatar iskar ma ta toshe, gefenta ɗaya bai zauna daidai ba ƙura tana bi ta nan, na sayi sabuwa naira 5,000. Aikinsa naira 4,000. Motar ta ƙara sauƙin tashi, kuma fitila ta yi kwana tara ba ta dawo ba. Datti yana cikin laifin, amma ba shi ne tushe ba.

Da ta dawo karo na huɗu na daina lalube cikin duhu. Na sayi ƙaramar na'urar nan ELM327 wadda ake cusawa a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth, naira 9,000, na kuma ajiye ƙaramin littafi a mota. Duk ranar da fitila ta kunnu ko ta mutu ina rubuta kwanan wata, lokaci, yawan mai a tanki, gidan man da na sha, da ko inji da sanyi ne ko da zafi. Wannan karon ban goge komai ba. Na buɗe bayanin da ƙwaƙwalwa ta ɗauka lokacin laifin: gudu sifiri, juyin inji 840 a minti, zafin ruwa digiri 62. Wato motar tana tsaye, inji bai gama ɗumi ba. Littafin ma ya nuna abu guda, duk kunnuwar da safe ce, a ranakun da sanyi ya tsananta, mutuwar kuma a ranakun da ya sassauta. Gidan mai bai shiga lissafin ba, domin a wurare uku na sha kuma halin bai canza ba.

Sai na koma kan lambobi biyu da manhajar na'urar a wayata take nunawa inji yana aiki, STFT da LTFT. Na farko gyaran mai ne na nan take, na biyu wanda motar ta koya ta riƙe. Ana haɗa su biyun. In jimillar tana tsakanin ƙarin kashi 10 da ragin kashi 10 cikin 100, lafiya lau. Da safe, minti uku bayan tayarwa, motata tana silo, jimillar ta kai ƙarin kashi 31. Na taka totur na riƙe a juyi 2,500, ta sauko zuwa kashi 8. Da rana bayan tafiyar rabin awa, a silo, kashi 12 ne kacal. Wannan gwajin na minti biyu shi ne ya raba gardama. A silo bakin totur a rufe yake, inji yana zuƙa da ƙarfi, iskar da yake ci kaɗan ce, kusan giram 2 a daƙiƙa a irin wannan injin, don haka ɗan ƙaramin rami da iska ke satar hanya ta ciki yana da babban tasiri. Da an buɗe totur iska mai yawa ta shigo ta hanyar da ake aunawa, ta ɓoye ta satar. Da famfon mai ne ya raunana, ko nozul ya toshe, ko sensar awon iska ce take ƙarya, da akasin haka za a gani, lambar ta yi daidai a silo ta haura idan an taka.

Da littafin da hotunan allon wayata na je gareji na huɗu, wurin wani dattijon bakanike da aka yi min kwatancensa. Ya karanta su a tsanake ya ce, "Malam, ka yi min rabin aiki. Amma yanzu injin da zafi, ba za mu ga komai ba. Ka bar ta ta kwana." Na bar ta, muka rubuta lambar mota da awon tafiya da abin da ke cikin but a takarda, kowa ya riƙe kwafi. Washegari ƙarfe bakwai na safe ina wurin. Kafin a tayar ya jona agogon awon ƙarfin mai, domin a cire famfo daga zargi da hujja. Ya nuna 46 a ma'aunin psi, littafin gyaran motar kuma ya ce tsakanin 44 da 50. Ya bi babban tiyon iska yana lanƙwasa shi ko akwai tsaga a cikin lungunansa, ya duba tiyon da ke ɗauko tururin baƙin mai daga murfin inji, da wanda ke zuwa tukunyar iskar birki. Duk lafiya. Sai aka tayar, ina riƙe da waya ina kallon STFT, shi kuma yana fesa maganin wankin kafireto kaɗan-kaɗan a mahaɗar manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, da kan silinda, yaronsa yana tsaye da tukunyar kashe gobara. Da feshin ya sauka a wajen silinda ta ɗaya da ta biyu, sautin inji ya canza, lambar ta faɗo daga ƙarin kashi 20 zuwa ƙasa da sifiri a cikin daƙiƙa biyu. Ya maimaita sau uku, sakamako ɗaya. Wannan maganin yana kama wuta, don haka da sanyin inji ake yin gwajin, nesa da salansa da kwayil. Inda ake da na'urar hura hayaƙi cikin manifol, ita ta fi aminci.

Manifol ɗin na roba ne mai tauri, kan silinda kuma na alminiyom, tsakaninsu akwai gaskit na roba mai laushi. Shekaru da zafi sun busar da shi ya daskare. Da sanyi yana tsukewa ya bar ƙofa, in inji ya yi zafi komai ya kumbura ƙofar ta kusa rufewa. Dalilin zuwa da tafiyar fitilar ke nan. Na je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da kaina na sayo sabon gaskit na manifol da na bakin totur a kan naira 9,500. A wannan kayan ba a sayen na Beljiyam, domin shi ma tsufan ya ci shi. Aikin ya ɗauki kusan awa biyu. An cire kan batir, an cire tiyon iska da soket-soket, aka kwance bakin totur aka jingine shi gefe ba tare da an cire tiyoyin ruwansa ba, aka kwance notunan manifol aka ja shi baya. Nan take ya toshe ramukan kan silinda huɗu da tsumma mai tsabta, domin noti ɗaya in ya faɗa ciki sai an sauke kan inji. Tsohon gaskit ɗin ya baje ya yi shafal, da aka lanƙwasa shi sai ya karye. Aka goge fuskokin biyu, aka zaunar da sabon a cikin kwarinsa ba tare da an shafa gam ba. Gam yana hana irin wannan gaskit zama daidai, kuma guntunsa yana iya shiga inji. Wajen ɗauri ya fara daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu, da sifana mai awo a kan niyuton-mita 30. Ɗaurin ƙarfi da tsiya yana lanƙwasa manifol na roba ko ya fasa kunnensa. Na roƙe shi ya mayar min da tsohuwar sensata ta asali, ya mayar. Ladan aikinsa naira 15,000.

Ban ɗauki mutuwar fitila a matsayin shaida ba, tunda an cire batir dole ta mutu. Washegari da sanyin safiya na sake karantawa, jimillar gyaran mai ƙarin kashi 4 a silo, kashi 2 a juyi 2,500. Na ci gaba da duba shafin da yake nuna ko motar ta kammala gwaje-gwajenta, domin bayan gogewa duk suna komawa ba a kammala ba. Sai da na yi kwana shida, har da tafiyar Zariya da dawowa, sannan suka cika, ba lamba ko ɗaya mai jiran tabbaci. Jimillar abin da na kashe naira 86,000, wanda ya warkar da motar kuwa gaskit ne da ladan ɗaura shi, sai wankin sensa da matatar iska da dama lokacinsu ya yi.

Ba kowace fitila mai zuwa ta tafi ce gaskit ba, kuma lokacin da take kunnuwa shi ne yake nuna hanya. In tana zuwa ne a hawan tudu ko wajen wuce babbar mota, tare da ɗan fizga, a nemi lambobin P0300 zuwa P0304. A P0301 zuwa P0304, adadin ƙarshe na lambar shi ne silindar da ke fashi, P0300 kuwa ba ta nuna silinda ɗaya takamaimai. Kafin a sayi komai a musanya kwayil ɗin silindar da na maƙwabciyarta, in laifin ya bi kwayil an gano shi, in ya tsaya a duba filogi da nozul, a kuma leƙa ramin filogi ko baƙin mai ya taru. In bayan wankin inji ko ruwan sama mai ƙarfi take zuwa, ruwa ne a soket ko a ramin filogi. In a doguwar tafiya take zuwa da lambar P0420, indomi ce ta gaji ko an fasa an kwashe ta tun kafin motar ta zo hannunka, ko kuma salansa tana yoyo kusa da sensa. In P0128 ce, a tambaya ko an cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa har inji ya yi zafi. Kanikawa da yawa a ƙasar nan suna cire shi da sunan maganin zafi, sai inji ya kasa kaiwa zafin aikinsa na kusan digiri 85 zuwa 95, musamman da sanyi a kan babbar hanya, ya yi ta shan mai. Motar da take mutuwa in ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, a duba sensar kiransha mai ƙirga juyin inji, lambarta P0335. In kuma fitilar ta biyo bayan shan mai ne kai tsaye, a zargi man. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol cikin ƙasar nan, kuma ko ba irin wannan ba, ruwa a tankin gidan mai ko man bumburutu yana sa inji fashi har sai an ƙone shi ko an zuƙe.

Duk wanda zai je a sa wa motarsa kwamfuta, ya faɗa tun kafin a jona cewa kada a goge komai sai ya ɗauki hoto. Hoto uku ake bukata: lambobin da aka tabbatar da masu jiran tabbaci, shafin halin inji lokacin laifin, da STFT da LTFT a silo da kuma a juyi 2,500. In an ce a canza wani abu, ya tambayi wane gwaji ne ya nuna shi ne ya lalace, ya kuma karɓi tsohon kayansa. In laifin da sanyi yake zuwa a kai motar ta kwana, in da zafi ne a je da ita bayan doguwar tafiya ba tare da an kashe ta ba. Na'urar ELM327 tana karanta lambobin inji ne, yawanci ba ta shiga na birkin ABS ko na jakar iska, waɗannan sai babbar kwamfuta. Kuma a riƙa zare ta daga soket in mota za ta yi kwanaki a ajiye, domin soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli, tana iya shanye batir.